Yadda Na Saka Wa Motata Aljanu Da Hannuna

Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa wa Larabawa mota a Jidda, daga Corolla sai Hilux, kai yara makaranta, ɗauko yara, kai Madam kasuwa ka zauna a rana kana ƙirga tattabaru. Bara da Allah ya hore min 'yan riyal sai na tafi haraj, kasuwar tsofaffin motoci, da niyyar sayen mota mai hankali wadda za ta kwashe iyali, wallahi da wannan niyyar na fita, amma da la'asar sai ga ni a ƙofar gida da Nissan 350Z ja, ƙirar 2006, kujera biyu. Biyu fa jama'a. Ni da mata da yara uku.

Maman yara ta leƙo ta taga ta kalle ta sama da ƙasa ta ce, "Abban yara, ina ka baro sauran motar?"

Ban kula ta ba. Injin V6 ne, lita 3.5, da baya take ja, in ka taɓa totur sai ka ji kamar an hankaɗo ka daga gadon baya. Wata biyu muna zaman lafiya da ita, duk Juma'a in hau titin Makka in je Sharar Mansur wurin kawu in sha shayi in dawo, tana kwance a kwalta kamar an liƙa ta da danƙo.

To sai wata Juma'a ta canza hali. Na wuce Bahra kenan maleji ya taɓa 110 sai na ji bayanta ya fara lilo, a hankali, hagu dama, irin na kwale-kwalen da aka cika wa mutane. Sitiyari bai girgiza ba ko kaɗan, shi ne abin tsoron, hannuna na nan daram amma ɗuwawun motar na son zuwa wani gari daban. Na zo wuce wata tirela iskarta ta buge ni sai da na karanto duk addu'ar da na sani har da ta shiga banɗaki, ga wata 'yar fitila a dashbod tana ƙyaftawa an rubuta SLIP, motar kuma sai ta riƙa shaƙe kanta ina taka mata tana ƙi. Da 80 na ƙarasa Shumaisi, tsofaffin Hiace masu ɗaukar 'yan Umra suna danna min hon.

Kawu ko kallon motar bai yi ba ya yanke hukunci. "Kai yaro kambun baka ne. Wa ya aike ka ka sa ta a status?" Maman yara kuwa da na dawo ta ce ai tun ranar farko ta ji jikinta bai ba ta ba, jar mota da aka saya a hannun wanda ba a sani ba, ta ɗauko kasko ta turara kujerun nan biyu da habbatus sauda har sai da na yi kwana uku ina tuƙi ina atishawa.

Ni dai na bi ta hanyar masu ilimi. Na fara da banshar, wato mai facin nan ƙasar, ya ce tarsis, abin da muke cewa balansin a gida. Na ce masa mu'allim, abin da na sani in taya ba ta da balansin a hannu ake jin ta, sitiyari ke karkarwa, tawa ba ta karkarwa. Ya ce mafi mushkila. Ya cire su ɗaya bayan ɗaya ya juya a inji ya manna 'yan dalma, kowacce ya mayar da ita inda ya ciro ta, ya cika iska 35 ya karɓi kuɗinsa. Na hau titi, lilo na nan.

Sai sana'iyya wurin masu mizan, alaimen kenan. Nan kam an yi min lacca, wai irin wannan motar har ƙafafun baya ana saita su, in tayoyin baya suka ɗan buɗe baki waje ko da ƙanƙani ne to a gudu bayan zai riƙa yawo, kuma gaskiya ne, na yarda da shi har yanzu. Ya ɗaga ta, ya jijjiga tayarod da boljoyin, ya zura ƙarfe a bushin yana neman wasa, ya ɗan murɗa nan ya murɗa can ya ba ni takarda duk ta yi kore. Na hau titi. Lilo ya ce sannu da zuwa.

Na uku ya ce musa'idat, shokozoba, wai sun mutu, ya danna bayan motar da gwiwa ya ce ka gani? Ni ban ga komai ba amma na ce na gani. Muka je tashlih, inda ake sayar da kayan matattun motoci, muka ciro wasu a jikin wata da ta yi hatsari (ban tambayi me ya kashe ta ba, don kar in ji). A wurin gwajin wannan ne na ce bari in ƙara wuta ko za ta daidaita a sama, ai kuwa Sahir, kyamarar kama masu gudu, ya haska ni fau kamar ango a wurin dina, ban kai gida ba saƙon tara ya riga ni.

Kuɗin da na ware na takardun yara ya tafi, mota na nan tana rawa, a gida kuma an daina kiran ta mota sai "kishiyar".

Wani abokina ne ya ce in kai wa wani dattijo Bahaushe a Karantina, tsohon makanike ne da ya fi shekara talatin a garin, yanzu ido ya yi rauni sai dai ya zauna yara su yi aiki. Na same shi da kofin shayi, na gaishe shi na kwashe labari tun daga Bahra. Bai ce a ɗaga ta ba, bai ce a tayar ba. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya tsuguna gaban tayar gaba ya shafa rubutun jikinta da yatsa, ya je ta baya ya shafa, sai ya buɗe ƙofar direba ya nuna min wata 'yar takarda a jikin ginshiƙi ya ce, "Ɗana, karanta min, idona ba ya gani."

Gaba 225/45, baya 245/45.

"To karanta na ƙasa."

Gaba 245. Baya 225.

Ya kurɓi shayi. "Wane jakin ne ya juya maka tayoyin nan?"

Jama'a kun san dokar direban Corolla, duk kilomita dubu goma a kai na gaba baya a kawo na baya gaba don su ci daidai. Ranar Alhamis ɗin da ta gabaci waccan Juma'ar ni da kaina na ari jak na yi aikin nan a ƙofar gida, ina yi ina koya wa babban ɗana yadda ake tattalin mota. Na ce, "Baba, wani yaro ne a banshar."

Ya ce to yaron ya yi aika-aika. Wannan lambar faɗin taya ce da milimita, na baya sun fi faɗi da santimita biyu saboda su ke tura motar su ke riƙe ta, ka ba gaba faɗi ka rage wa baya, gaba na kama kwalta baya na sakin ta. Sannan na bayan sun ɗan fi tsayi, kwamfutar motar da haka ta san su, da aka sa gajeru a baya sai suka riƙa juyawa fiye da yadda take tsammani, ita a ganinta santsi kake, shi ya sa take yanke maka wuta. Sai ya ɗan yi shiru ya ce, "Amma abin mamaki, masu motar nan sun sa wani ɗan noti a ƙafar gaba musamman don kada wilin baya ya zauna a wurin. Yaya yaron ya yi da shi?"

Na tuna notin. Na tuna yadda wilin ya ƙi zama, na tuna ina ce wa ɗana ka ga aikin masu gyaran banza sun bar noti a inda ba ya da amfani, na kwance guda biyun. Ɗaya ma shi ke riƙe da marfin tukunyar maman yara yanzu haka.

Na ce, "Baba, ina jin cire shi ya yi."

"Yaro mai ƙoƙari," in ji shi, yana kallona ta saman tabarau. "Ka gaishe shi."

Minti ashirin yaransa suka mayar da kowace taya gidanta, riyal ashirin, Baba ya ce shi ba ya karɓar kuɗin karatu. Na hau titin Makka har 120 tana kwance lakadan ko fitilar ba ta motsa ba. Da na shiga gida na ce an dace, maman yara ta ɗaga hannu ta ce alhamdulillahi, ai dama ta san turaren nan sai a hankali yake aiki. Babban ɗana ya buɗe baki zai yi magana na miƙa masa riyal goma na ce ya je ya sayo wa kansa shawarma.