Ranka Ya Daɗe, Rage Mana Awa Kafin Ka Raba Mana Riga

Duk shekara in 29 ga Satumba ta zagayo, wato Ranar Zuciya ta Duniya, sai ka ga wasu ma'aikatu sun buga riguna masu hoton zuciya, an gayyato likita ya yi jawabin rabin awa, an ɗau hotuna an zuba a Facebook. Washegari kuma wanda ya sa rigar nan shi zai raba dare a ofis, don shugaba na son rahoto kafin gari ya waye. Abin kan ba ni dariya, wani lokacin kuma haushi.

Ban raina jawabin likita ba. Sai dai yawancin abin da ke cin zuciyar ma'aikaci, linzaminsa na hannun mai tsara aikin. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasi cewa mai yin aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki gare shi ya ƙaru da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17, in aka kwatanta shi da mai awa 35 zuwa 40. Suka ce mutum kusan 745,000 doguwar awa ta yi ajalinsu a 2016 kaɗai. To wa ke yanka awannin nan? Ai ba masinja ba ne.

Kuma maganar ba ta yau ba ce. Tun 1953 wani likita a Ingila, Jerry Morris, ya duba ma'aikatan bas masu hawa biyu na birnin Landan. Direba na zaune wuni guda, kwandasta na hawa da sauka yana karɓar kuɗin mota. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobin nesa ba kusa ba. Yau kusan dukkanmu direbobin nan ne, illa dai kwamfuta ce sitiyarinmu. Ana son baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Wanda ya fita da duhu ya dawo da duhu, a ina zai tsinto su? Ba sai an gina masa ɗakin motsa jiki ba. A bar shi ya ci abincin rana nesa da teburinsa, ya miƙe ya taka ba tare da an bi shi da harara ba. A daina turo saƙon aiki ƙarfe sha ɗaya na dare, don ko bai amsa ba, barcin ya riga ya gudu.

Sai awon jini. Hawan jini ba ya sallama, kusan rabin masu shi ba su ma san suna ɗauke da shi ba. Na'urar awo ɗaya a ofis, da wanda ya iya amfani da ita, ta isa ta tura mutum asibiti da ƙafarsa in an ga awon jininsa na yawan kai 140/90. Amma da sharaɗi: sakamakon sirrin mai shi ne. Na taɓa aiki a inda aka kawo masu awo, aka miƙa takardar sakamakon ga ofishin shugaba. Da aka sake kawo su, kowa ya ce yana da uzuri. Wa zai yarda a san jininsa ya hau alhali ana raɗe-raɗin rage ma'aikata? Ni ma ban je ba, gaskiya.

Taba kuwa a hana shan ta a cikin gini, wannan ba ya buƙatar dogon turanci.

Abin da na fi mamakin rashinsa shi ne horo. Ofis zai sayi tukunyar kashe gobara, ya rataye ta a kowane hawa, amma in wani ya yanke jiki ya faɗi zuciyarsa ta tsaya, sai a taru a kansa ana fifita ana yayyafa ruwa. Cikin 'yan mintuna ƙwaƙwalwa ke fara lalacewa in jini bai kai mata ba, motar asibiti kuwa ba lallai ta iso a kan lokaci ba. Danna ƙirji don farfaɗo da mutum abu ne da ake koya a wuni ɗaya. A koya wa mutum biyu ko uku a kowane sashe, har da masu gadi da masu shara, tunda su ne ke nan lokacin da kowa ya tashi.