Ranar da Na Hure Fitilar da Ba a Kashewa

Cocinmu ba ta da komai sai benci da mumbari, shi ya sa ranar da na raka abokina cocinsu ta Katolika na zama baƙauye. Zai ga Fada, wato limamin cocin, ya ce in jira shi a ɗan ɗakin addu'a da ke gefe, minti biyar kawai.

Ɗakin ƙarami ne amma ido ba ya hutawa. Ga ɗan bagadi an shimfiɗa masa farin ƙyalle, ga tagar gilashi mai launi tana zubo ja da shuɗi a ƙasa, ga mutum-mutumin Waliyyi Antoni na Padua cikin doguwar riga ruwan ƙasa, yana riƙe da jariri Yesu. Na samu wani gajeren benci mai taushi na zauna, ina zagin kafintan da ya yi shi a zuci. Ashe na durƙuso ne, inda na jingina bayana nan ake ɗora hannu.

Sai idona ya kai kan wata jar fitila kusa da wani akwati mai ruwan zinariya. Rana tsaka tana ci! Ni kuwa ban iya ganin wuta tana ci a banza ba. Na yi ɗage, na hure ta, har da jin na yi aikin lada. Hayaƙin bai gama tashi ba na ji takun mutum, a take jikina ya ba ni na yi ɓarna. Na faɗa wani ɗakin katako mai labule, na zauna kan kujerar tsakiya, na ƙame.

Wata dattijuwa ta durƙusa ta bayan 'yar tagar raga, ta ce a hankali, "Fada, ka sa mini albarka, na yi zunubi."

Gumi ya keto mini. Na ce, "Mama, ni ma."

Da abokina ya gama dariya, ya ce fitilar alama ce cewa akwai tsarkakakkiyar gurasa a cikin akwatin, dare da rana take ci. Ana kashe ta ne idan an kwashe gurasar, kamar daren Alhamis na kafin Ista. Inda na ɓuya kuma wurin furta zunubi ne, irin wanda Bishop Carlo Borromeo na Milan ya yaɗa a ƙarni na 16, da raga tsakanin Fada da mai tuba. Bai dai tanadi matsorata irina ba.

A bakin ƙofa na laluba aljihu, babu makullina. Abokina ya ce ai Antoni, wanda ya rasu a 1231, shi ake roƙo idan abu ya ɓata. Na ce da wace fuska, a gabansa fa na hure fitilar? Muna tsaye sai ga Fada ya fito yana kaɗa makullin da yatsa, yana tambayar wane ne sabon abokin aikinsa.