Mu Uku da Rago Guda a Aziziyya

Tunda abokin tafiyata Mai Atamfa ya riga ya watsa bidiyon nan har ya kai hannun surukaina, gara ku ji zancen daga bakina, don shi daga inda kan ragon ya fara gangarawa ya ɗauka.

Mun gama Umara lafiya, ni da Kawu da shi. Masaukinmu a Misfala. Abincinmu kullum bai wuce tuwon da matan Hausawa mazauna can suke sayarwa ba, ko mu bi layin Al Baik, gidan soyayyar kaza, mu tsaya har ƙafa ta sage. Rannan Mai Atamfa ya tashi da magana, wai abin kunya ne mutum ya zo Makka ya koma bai ci mandi na gaske ba, wato dafukan shinkafa da nama, kuma ya san wani gidan abincin 'yan Yaman a Aziziyya. Bai san ko'ina ba, direban tasi ne ya sani. Kuɗin abincinmu kuwa a hannuna yake, saboda Kawu ya ce ni ne mai amana, ni ne kuma mai Larabci tunda na yi Islamiyyar dare.

Wurin irin wanda ake cire takalmi a ƙofa ne. An yayyanka ƙananan ɗakuna da katako, kowanne da labule da kafet da tum-tum na jingina. Yaro ya zo ya shimfiɗa mana leda a ƙasa, ya miƙo min takardar abinci. To ga inda nake so a yi min adalci. Hotunan da ke takardar nan duk girmansu ɗaya. Hoton rabin kaza da shinkafa, da hoton abin da na nuna, in ka ɗora ɗaya a kan ɗaya ba wanda zai leƙo. Farashi kuma da lambobin Larabci aka rubuta shi, sifilinsu kuwa ɗigo ne, a takardar da maiƙo da yaji suka riga suka yi wa ɗige-ɗige ta ko'ina. Na ga ɗaya, na ga shida, na ce riyal 16, ai da araha. Ɗigo biyun da ke gefe har farce na sa na kankare su, suka ƙi fita. Wanda ya buga takardar nan shi ya kamata a nema.

Yaron ya tambaye ni mu nawa ne. Na ɗaga yatsu uku. Ya leƙa bayan labule, ya dawo ya sake tambaya. Na sake ɗaga uku, har da murmushi. Ya tafi ya zo da wani dattijo mai zane ɗaure a ƙugu, wanda ya yi wata doguwar magana da sauri-sauri. Kafin in gama tsinto kalmomin da na sani, Mai Atamfa ya ce, "Insha Allah, insha Allah." Ashe tambaya ake yi ko sauran jama'armu suna tafe. Tun da muka sauka Jidda mutumin nan bai da amsar da ta wuce wannan. Ko ɗan sanda ne ya tambaye shi fasfo, insha Allah.

Muka zauna jira. Waɗanda suka zo bayanmu aka sallame su, suka ci, suka wanke hannu suka tafi. Kawu ya riga ya sha maganin suga da sa ran abinci na tafe, ya fara gumi yana harara ta. Ni kuwa ina ba shi haƙuri da ilimi: cewa mandi daga Hadramaut ya samo asali, a rami ake dafa shi, a zuba garwashi a ƙasa, a ɗora tukunyar shinkafa, a jera nama a samanta, a toshe bakin ramin, kitsen yana narkewa yana ɗiga cikin shinkafar. Abu mai kyau ba ya son gaggawa. Kawu ya ce, "Kai yaro, ni ba tarihi na zo ci ba."

Can sai labule ya ɗaga, amma ba abin da ya shigo. Mutum biyu ne a tsaye, kowa ya riƙe gefe ɗaya na wani tire, faɗinsa ya kai tayar tirela, ƙofar ɗakinmu ta ƙi karɓarsa. Suka karkata hagu, shinkafa ta fara zubowa. Suka karkata dama. Dattijon ya yi musu tsawa, sannan ya dube mu cikin ladabi ya nuna mana babban zauren da ke tsakiya, inda kowa ke ganin kowa. Muka fito a jere, Kawu da carbinsa, ni da takardar abincin har yanzu a hannuna, mutane suna janye ƙafafu suna ba mu hanya.

Aka dire shi. Rago ne guda, cif, ba abin da aka rage masa sai fata da kofato. Ya kwanta a kan tudun shinkafa, an zagaye shi da dafaffen ƙwai da zabibi da gutsattsarin hanta, kansa a can ƙololuwa, haƙora a waje, yana fuskantata. Aka jero kwanonin yajin tumatir da robobin nono har na daina ƙirgawa. Abincin mutum ashirin ne ko fiye. Muka zauna a gefensa mu uku, in na ɗaga kai ba na ganin Kawu sosai sai hularsa.

Zauren ya yi tsit na ɗan lokaci. Sai na ji murya daga bayana, da Hausa tsantsa: "'Ya'yana, ku kaɗai ne? Sannunku da ƙoƙari."

Wani tsoho ne, farar jallabiya, jan rawani a kafaɗa, in ba ya buɗe baki ba ba za ka taɓa cewa ya san hanyar Kano ba. Kuma bai sani ba ɗin, bai taɓa zuwa ba. A unguwar Shara Mansur ta nan Makka aka haife shi. Ya ce kakansa yana cikin waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi a 1903, suka zauna a Mai Wurno ta Sudan, daga baya ya tsallako teku ta Sawakin. Hausarsa irin ta kakanninmu ce, ba ko kalmar Turanci ɗaya a ciki. Duk wannan labarin yana ba mu shi ne yana naɗe hannun riga. Ba wanda ya gayyace shi. Ya ce bisimilla ya zauna, ya kai hannu kai tsaye ga kafaɗar ragon, inda naman ya fi laushi, ya zare ta ba tare da ya duba ba. Hannun da ya san aikinsa kenan.

Shi ne ya ce a al'adar wurin wanda ya yi odar rago shi ke fasa kai, ya fitar da harshe ya ba babba. Ko gaskiya ne, ko so yake ya ga iyakata, Allah ne masani. Kawu ya ce, "To mai Larabci, bisimilla."

Na durƙusa a kan gwiwa na miƙa hannu. Kan nan da zafi, ga maiƙo. Na kama muƙamuƙin sama da dama, na ƙasa da hagu, na ja. Bai motsa ba. Tsohon ya ce, "Da ƙarfi, ɗana, ba zai cije ka ba." Wasu samari a gefe suka juyo gaba ɗaya suka bar nasu abincin. Na gyara durƙuso, na ce bisimilla a bayyane, na ja da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Muƙamuƙin ƙasa ya taho a hannuna. Sauran kan ya tashi.

Bai yi sama sosai ba. Ya dira a gefen tudun shinkafa, ya gangaro, ya buge kwanon yaji, ya hau leda. Ledar nan kuwa ta sha mai, sai ya samu hanya. Ina kallonsa yana juyawa, ido, ƙeya, ido, ƙeya, ya wuce gwiwar Kawu, Kawu ya ɗage ƙafa ya ba shi wuri maimakon ya tare. Ya sauka daga ledarmu ya bi kafet. Ya je ya tsaya daidai gaban wani yaro ɗan Indonesiya da ke zaune tsakanin iyayensa da cokali a hannu. Yaron ya dubi rago, rago ya dubi yaro. Ihun da yaron nan ya kurma, na tabbata masu gasa nama a baya sun ji.

Ni kuma ban tashi tsaye ba, kuma wannan ne ya fi ci min rai in na tuna. Da na miƙe na taka da ƙafa, da abin ya zo da sauƙi. A'a, da rarrafe na bi shi, muƙamuƙi a hannun hagu, sabuwar jallabiyar da na saya don Juma'a tana sharar yajin tumatir. Na isa gaban mutanen nan a kan gwiwa, duk Larabcin Islamiyyar dare ya gudu, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Salamu alaikum." Uban yaron, bawan Allah mai ladabi, ya amsa min cikakkiyar sallama har da wa barakatuhu, ya sa hannu biyu ya ɗauki kan ya miƙo min yana sunkuyar da kai. Na karɓa da hannu biyu ni ma. Na juyo, da rarrafe dai, na tarar da wayar Mai Atamfa a saitin fuskata.

Bari in tsaya a kan mutumin nan. Shi ya kawo shawarar, shi ya ce insha Allah, amma loma nawa ya yi? Ya ɗan mintsini cinya, ya sha nono, ya jingina da tum-tum ya ce wai cikinsa ba ya son maiƙo da dare. Mai Atamfa fa. Waɗanda suka zo sunan Ummi sun ga abin da ya yi wa ƙauri, har sai da Hajiya ta sa aka ɓoye tukunya ɗaya a ɗakin yara. A Kwari in an kawo masa abincin rana juya wa mutane baya yake yi ya fuskanci dila. Yau ga rago guda an ajiye masa, ya zama mai ciwon ciki. Kuma har yanzu bai ba ni cikon kuɗin shaddar nan ba, ya san wacce nake nufi.

Tsohon dai da ya ga ba za mu iya ba, sai ya zaro waya. Cikin ɗan lokaci ga wasu tsofaffi uku sun shigo, kowa ya ba mu hannu, ya tambayi mutanen gida, ya zauna. Suka yi wa gefe ɗaya na ragon aiki mai kyau, suna hira da Larabci, in sun dube ni su koma Hausa su ce, "Allah ya ƙara buɗi, Alhaji." Ɗaya har ya tambaya ko ɗana ne ya haddace Alƙur'ani nake walima. Duk da haka tudun shinkafar nan ko rabi bai yi ba.

Da rasit ya zo, ɗigo biyun nan suka bayyana da lambobin da kowa ya iya karantawa: 1,600. Riyal kuwa tun 1986 yake daure da dala, 3.75, bai gusa ba, naira ce ta yi ta zamewa tun da aka sake ta a 2023, har a lokacin riyal ɗaya ya haura naira 400. Ku yi lissafin da kanku, ni na yi shi a tsaye, sai da na dafa bango. Kuɗin 'yan kunnen zinaren da aka yi min jerin gargaɗi a kansu tun daga filin jirgi ne suka tafi.

Kawu bai damu da 1,600 ba. Kun san tsohon ma'aikacin haraji ne. Ya sa tabarau ya gano inda aka ware harajin VAT, kashi 15 cikin ɗari, riyal 208 da 'yan kai. Nan ya tsaya. Wai a gida kashi 7.5 ne ake ta kuka, nan ninki biyu, kuma shi ya san da 5 suka fara a 2018 kafin su ɗaga a 2020. Ya dage sai an yi masa bayanin dalilin da baƙon Allah zai biya haraji a kan ragon da bai cinye ba. Mai karɓar kuɗin ɗan Bangladash ne, ba ya jin Hausa, Kawu ba ya jin komai sai Hausa da Turancin ofis, suka yi ta yi. Ni na biya.

Sauran abincin aka ɗura mana a manyan ledoji da kwanonin ɗaukar abinci, direban tasi ya buɗe but yana dariya. Firjin ɗakinmu ruwan roba huɗu yake ci. Muka bi masu sharar titi a Misfala muna rabawa, suka karɓa suka yi addu'a, muka bi ɗakunan hawanmu muna ƙwanƙwasawa. Wata Hajiya 'yar Zinder ta karɓi leda biyu, ta leƙa ciki ta ce ina naman. Naman yana wurin tsohon Shara Mansur, shi da kan, wai zai kai wa jikokinsa.

Ya karɓi lambata kuma. Jiya ma ya kira, yana tambaya ko da azumi za mu dawo, wai akwai wani wuri a hanyar Ɗa'ifa da suke yin na raƙumi. Na ba shi lambar Mai Atamfa.