Dattawa Masu Bindigar Toka da Dubiyar da Muka Mayar Saƙon Waya

Ranar Asabar da ta wuce, bayan sallar la'asar, na shiga zauren wani dattijo maƙwabcinmu a cikin birnin Kano domin in gaishe shi da jiki, sai na tarar da abin da ya hana ni sukuni har na zauna rubuta wannan nasiha. Wata biyar ke nan da hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kuma tun da aka sallamo shi daga asibiti yake jinya a gida. Na sami dattawa huɗu a kan tabarma sun kewaye shi. Ɗaya daga cikinsu ya ɗora masa wata tsohuwar bindigar toka a cinya, wadda babu albarushi a cikinta, ya danƙa masa tsumman da aka jiƙa da mai a hannun da ya shanye, sannan ya dafa hannun da nasa suna goge bindigar tare a hankali. "Yaya, ƙara matse yatsun nan," in ji shi, "ai da wannan hannun ka koya mana ɗuri." Gumi ya tsattsafo wa dattijon a goshi, amma bakinsa da ya ɗan karkace yana murmushi.

Waɗannan mutane 'yan ƙungiya ɗaya ne, ta masu adana bindigogin gargajiya, waɗansu sun gaje su daga kakanni, waɗansu kuma ƙirar maƙeran gida ce, kuma ba sa fito da su sai lokacin bukukuwa irin su hawan Sallah da hawan Daushe. Al'adar tsohuwa ce ƙwarai, domin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, aka shigo da bindigogi daga ƙasar Nupe, kuma Sarki Babba Zaki, wanda ya hau a 1768, shi ne ya fara ajiye rundunar masu bindiga domin tsaronsa. A wancan zamani idan an ce 'yan bindiga, ana nufin mutanen fada masu mutunci. Yau ɓarayin daji sun ɓata sunan har mutum ba ya iya furta shi gabansa bai faɗi ba. A 2024 hukumar UNESCO, mai kula da ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taskancewa, kowa ya yi ta yaɗa hotunan dawaki da hayaƙin albarushi, amma babu wanda ya tambayi yadda masu tayar da hayaƙin suke riƙe junansu idan an sauka daga hawa.

Abin da na gani shi ne dattawan nan sun raba kwanakin mako a tsakaninsu, kowa da ranarsa. Mai ranar yakan zo da adaidaita sahu ya kai majinyacin asibiti wurin gashin ƙashi, ya jira a kan benci har a gama, ya dawo da shi. Daga asusun da suke zubi don sayen albarushi da ɗinkin kayan hawa suka cire kuɗin magani, wani kuma ya sa ɗansa ya riƙa buɗe masa rumfarsa ta kasuwa don kada abokan ciniki su watse. Sun yi wata biyar a haka ba fashi, alhali babu mai kuɗi a cikinsu, mafi yawansu ma sun haura shekara sittin, suna fama da ciwon gwiwa da nasu hawan jinin.

To, 'yan'uwana matasa, mu fa? Mu da Allah ya ba ƙarfin ƙafa da babura, mun mayar da dubiya saƙon waya. Idan aka ce wane ba shi da lafiya, nan da nan za ka ga zauren WhatsApp ya cika da "Allah ya ba shi lafiya," waɗansu ma ba za su rubuta da hannunsu ba, sai dai su kwafo na wani su liƙa, ko su tura hoton tafin hannu biyu, su ɗauka sun sauke nauyi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ba su ce a yatsa take ba. Na san wani abokin karatunmu da ya yi haɗarin mota ya karye a cinya, wanda a ranar farko addu'o'i suka yi ta sauka a zauren ajinmu har waya ta yi zafi, amma da ya shafe watanni a kwance, masu zuwa wurinsa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Waɗannan abokai su ne kuma suka cika wurin walimar aurensa da manyan kaya, suka yi ta tururuwar ɗaukar hoto. Ranar cin shinkafa kowa naka ne, amma ranar naka sai naka.

Waɗanda suke zuwan ma, wani zuwan gara rashinsa. Mutum ya shiga ɗakin asibiti, kafin ya ce "sannu, ya jiki?" ya riga ya ɗaga waya ya ɗauki majinyaci yana kwance da robar ƙarin ruwa a hannu, ya watsa a Facebook domin a san ya je. Wannan tonon asiri ne, domin babu mai son a gan shi cikin rauninsa. Wani kuma ya zauna a bakin gado yana latsa waya, ko ya ɓarke da labarin wanda irin wannan ciwo ya kashe bara. Haba jama'a, ina hankalinmu ya tafi?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ɓacewar da muke yi bayan makon farko, alhali daga nan ne jinya ta gaskiya take farawa. Likitoci suna cewa mai shanyewar ɓarin jiki ya fi samun dawowar ƙarfi a watanni uku zuwa shida na farko, matuƙar ya dage da motsa gaɓoɓinsa, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo yakan faɗa cikin matsananciyar damuwa. Mutumin da jiya yake ciyar da gida, yau sai an ɗaga shi an kai shi bayan gida, idan ya waiga bai ga abokansa ba, da wace zuciya zai yi atisayen da aka ba shi? Dattawan nan ba su karanci aikin likita ba, amma sun san cewa hannun da ya ƙi riƙe cokali zai yi ƙoƙarin riƙe abin da mai shi yake ƙauna.

Ba kuma rashin sani ne ya same mu ba, domin tun a Islamiyya muka haddace cewa gaishe da mara lafiya yana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa. Mun ji hadisin da Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, cewa ranar alƙiyama Allah zai tuhumi ɗan Adam a kan bawansa da ya yi rashin lafiya bai je ya duba shi ba, da kuma wanda Tirmizi ya ruwaito daga Sayyidina Aliyu, cewa mala'iku dubu saba'in suna nema wa mai dubiya gafara daga safiya zuwa maraice. Muna tura waɗannan hadisai ga junanmu ranar Juma'a, sannan mu ce ba mu da lokaci. Amma muna da awa biyu ta gidan kallon ƙwallo, muna da daren da muke rabawa a majalisa ana gulmar mutane da musu a kan 'yan siyasar da ba su san da zamanmu ba.

Iyayenmu mata sukan dama kunun tsamiya ko koko tun da asuba, su zuba a kwanon sha su taka da ƙafa daga wannan unguwa zuwa waccan, maza kuwa ba sa watsewa daga masallaci sai an tambayi wanda ba a gani a sahu ba. Ba su da waya, amma labarin ciwo ba ya kwana bai kai inda ya kamata ba. Ya kamata mu koma ga wannan tarbiyya, mu gyara tsakaninmu tun kafin mu kwanta mu ga yadda ƙofa take yin shiru, domin lafiyar nan da muke taƙama da ita aro ce, kuma idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa ake yi.

Ni kaina zuwana na biyu ke nan cikin wata biyar, kuma katanga ɗaya ce tsakaninmu. Da na miƙe zan tafi, dattijon ya riƙo hannuna da hannunsa na hagu, harshensa yana sarƙewa, ya lissafo sunayen samarin layinmu ɗaya bayan ɗaya, waɗanda yake saya wa alewa suna yara, yake kuma ɗora su a kafaɗa su ga wucewar Sarki. "Ɗana, suna nan lafiya dai ko?" Na ce, "Lafiya lau suke, Baba, suna gaishe ka." Babu ko ɗaya da ya aiko ni da gaisuwa.