Margaret Brundage ta cancanci a riƙa ambatonta tare da marubutan Weird Tales

Wallahi duk sanda na ga ana ta yabon marubutan tsofaffin mujallun Amurka masu labaran dodanni da tafiya duniyar wata, sai raina ya sosu, don da wuya ka ji an tuna da masu zanen bangon, alhali su ne ke tsayar da mutum gaban mai jarida har ya zaro kuɗinsa. Takardar ciki ai mai arha ce ƙwarai, shi ya sa ma ake ce musu pulp, bangon ne kaɗai ke da launi.

Frank R. Paul kam ya samu tasa darajar, shi ya zana bangon Amazing Stories tun fitowar farko a Afrilun 1926, har aka yi shi babban baƙo a taron masoya wannan fanni na 1939 a New York.

To Margaret Brundage fa? Bango 66 ta zana wa mujallar Weird Tales ta Chicago, ta fara a 1932, da alli mai launi take aiki ba fenti ba, dala 90 kowane ɗaya, kuma da wannan kuɗin take riƙe ɗanta da mahaifiyarta. "M. Brundage" kawai take sa hannu, sai a 1934 edita Farnsworth Wright ya bayyana cewa mace ce, nan fa ƙorafi kan zanenta ya ƙaru.

Ni ban wanke zanenta ba, matan da take zanawa kusan tsirara suke, ba abin da zan ajiye a falo ba ne gaskiya. Amma ita kaɗai za a ɗora wa? Mujallar ce ke son haka don shi ke sayuwa, har marubuta irin su Seabury Quinn kan cusa irin wannan wurin cikin labari da gangan don nasu ya hau bango. Riba ta tafi kamfani, tsegumi ya tsaya kanta.

Da aka mai da ofishin New York a 1938 sai aikin ya fara kuɓuce mata, zanen alli ba ya jure doguwar tafiya daga Chicago, gogewa yake a hanya, ga magajin gari La Guardia ya matsa wa masu sayar da mujallu kan irin waɗannan hotuna. A 1976 ta rasu cikin talauci, zanenta na asali kuwa yanzu dubban daloli ake saye a gwanjo.