A zaure ba a tambayar shekarun ɗalibi

Makon jiya ƙanwata ta kira ni daga Maraɗi. Can an idar da isha'i, mu nan Toronto ko la'asar ba ta yi ba, ina zaune ɗakin hutun ma'aikata ina cin abincin rana. Bayan gaisuwa da tambayar yara sai ta yi ɗan shiru, irin shirun da na san akwai magana bayansa. Ta ce, "Yaya, kar ka yi mini dariya. BEPC nake so in yi." Wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare a Nijar.

Shekarunta 31, ƴaƴanta huɗu. Tana katiriyem, wato aji na uku na sakandare, aka cire ta daga lakwal (makarantar boko) aka yi mata aure, kamar yadda aka yi wa yawancin sa'o'inta a unguwarmu. Yau atamfa da turaren wuta take sayarwa ta WhatsApp, littafin bashinta kuwa ko akawun banki sai ya sara mata. Makarantar koyon aikin lafiya take son shiga, su kuma ba su karɓar mutum sai da BEPC aƙalla.

Na tambaye ta ta ina za ta bi. Hanyar dai guda ce, ta yi rajista a matsayin kandida libir, wato mai zama jarrabawa ba ta hannun wata makaranta ba, ta jira ƙarshen shekarar karatu, ta zauna cikin yara ta rubuta lissafi da Faransanci da Ingilishi da kimiyya da tarihi duk cikin ƴan kwanaki. Idan mwayen, wato matsakaicin makin duka darussan, bai kai ba, komai ya rushe, sai baɗi. Makarantun dare akwai su a gari, amma karatun yara ne aka ɗauko aka ajiye bayan magariba: a fara Oktoba, a bi manhaja tiryan-tiryan, wanda ya yi fashin wata biyu an wuce shi. Macen da ke da miji da girki da goyo, wane alkawari za ta ɗauka cewa ba za ta yi fashin wata biyu ba?

Na san ɗacin wannan tsari da harshena. Sau biyu na faɗi BAC, jarrabawar kammala babbar sakandare, a seri D, wato ɓangaren kimiyya. Karon farko na samu 14 cikin 20 a lissafi, Faransanci da filo (falsafa) suka ja ni ƙasa. Da shekara ta zagayo, 14 ɗin nan ba ta biyo ni ba, sai da na sake kowane darasi daga tushe. A shekarar kuma mahaifinmu ya kwanta ciwo, ni ke buɗe shago, ni ke zuwa Jibiya sarin kaya, har lissafin da nake taƙama da shi ya zube. Na bar lise, wato babbar sakandare, bayan shekara goma sha huɗu a kan benci, ba ni da abin nunawa sai BEPC.

Ina da shekara 34 na sake shiga aji, a wata sakandare mai zaman kanta a nan Toronto. Wanda ya saba da lakwal mai fili da tuta da mai gadi ba zai ce makaranta ce ba: ɗakuna biyar ne a saman bene, ƙasansu kantin magani da mai sayar da shawarma. Matar da ke kan tebur ta karɓi tsofaffin bilitan ɗina, wato takardun makin makaranta, da aka fassara, ta juya su, ta ce shugaban makaranta zai duba abin da za a lissafa mini. Sannan ta tambaye ni wane lokaci nake da sarari. Na ce aikin dare nake yi a sito, sai bayan azahar nake zama mutum. Ta ce to in zo Litinin ƙarfe uku. Muna tsakiyar watan Fabrairu. Na tsaya ina jiran ta ce in dawo farkon shekara, ba ta ce ba.

Ga yadda abin yake a lardin Ontariyo. Takardar gama sakandare kiredit 30 ce, kowane kiredit darasi guda ne na awa 110. Akwai kuma awa 40 na aikin sa kai da gwajin iya karatu da rubutu. Kashi 70 na makin darasi daga aikin da ka yi a tsawon karatu yake fitowa, kashi 30 daga gwajin ƙarshe. Darasin da ka ci ya zama naka, an rubuta shi a takardarka, ko shekara goma ka yi ba ka dawo ba yana nan. Babba wanda ya haura 18, ko wanda ya zo da karatun wata ƙasa, ana auna abin da ya riga ya sani a ba shi kiredit a kai, ya zauna ya yi ragowar. Ni abin da ya rage mini Ingilishi ne da ƴan darussan ajin ƙarshe. Ɗaya bayan ɗaya na yi su, wani a aji, wani ta intanet. Da azumi ya zo na ajiye, bayan salla na ɗora.

A ajinmu akwai wani yaro ɗan ƙasar Sin mai shekara 17 da iyayensa suka turo don ya samu shiga jami'a, akwai wata Basomaliya uwar ƴaƴa biyar da ke zuwa da abinci a kwano, akwai wani direban babbar mota mai furfura a gemu. Kowa da shafinsa. Malama tana bin mu ɗaya-ɗaya, ta zauna kusa da kai, ta duba inda ka tsaya, ta warware maka, ta matsa gaba. Wata rana ina kallonta tana yin haka sai gabana ya faɗi, don na taɓa ganin wannan ajin.

Zauren malamin unguwarmu ne bayan asuba. Mahaifina ɗan kasuwa ne, bai taɓa taka lakwal ba, amma kullum da littafinsa a gafaka. Zai zauna a layi, in an zo kansa ya ja baƙi, malam ya fassara masa da Hausa, ya shafa fatiha ya tashi ya nufi kasuwa. Na bayansa wani littafin daban yake karantawa. Yaron da bai fara aske gemu ba yana gefen tsohon da ya aurar da jikoki. In fatauci ya kai shi Kano ko Lome ya yi wata biyu, ranar da ya dawo malam zai ce, "Alhaji, ina muka tsaya?" Ya nuna da yatsa, a ɗora. Wanda ya sauke Ahalari ya sauke, ba mai ce masa tunda Ishmawi ta gagare ka koma ka sake Ahalari. Abin da na biya dalolin Kanada na saya a saman kantin magani, da sadakar Laraba ake samun sa a Maraɗi tun kafin a haifi kakana.

Shi ya sa ba na yarda idan aka ce manyanmu ba su son karatu, ko matan aure ba su da halin fita. A leƙa Islamiyyar matan aure da hantsi, a unguwannin Maraɗi irin su Zariya ko Ali Ɗan Sofo ko Bagalam, a ga yadda ake neman wurin shimfiɗa tabarma. Ƙanwar tawa a irin wannan makaranta ta sauke Alƙur'ani da goyo a baya, ta haihu sau biyu a tsakani, ba wanda ya soke sunanta. Mu muka ce gemu ba ya hana ilimi, kuma a zaure da gaske muke. A boko ne kaɗai muka yarda cewa karatu mota ce mai tashi sau ɗaya, wanda ta bari a tasha shi ke nan. A Disamban 2017 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta kare karatun ƴa mace, abin a yaba ne. Amma wadda aka riga aka cire shekara goma sha biyar da suka wuce fa?

Kada wani ya ɗauka talla nake yi wa makarantun kuɗin Kanada. Tsada gare su. Darasi guda ya kan cinye mini ladan aikin kusan mako, ɗan ƙasar waje kuwa abin da yake biya ya fi nawa nesa. Daga baya ma na gano hukumar ilimin birnin tana da makarantun manya na gwamnati da mazaunin gari ba ya biyan kuɗin karatu, akwai kuma karatun daga gida da lardin ya fara ta gidan waya tun 1926. Gaggawa da rashin sani suka kai ni inda ake biya, ko da yake sauƙin lokacin da na samu can ya fi. Sannan inda kuɗi ke sayen kujera, wani lokaci har maki yake saye. Jaridun nan sun sha tona asirin makarantun da ke raba maki kamar goron suna, kuma doka ba ta tilasta wa makaranta mai zaman kanta ɗaukar malamai masu lasisin koyarwa ba. Ma'aikatar ilimi tana binciken duk wadda ke ba da kiredit, amma mai bincike baƙo ne, ya zo ya tafi. Na ga yaron da bai iya haɗa jimla biyu da Ingilishi ba ya fita da makin da ni ban samu ba. Wannan a ƙasar da ake tsoron doka ke nan. In aka ce gobe kowane mai lakwal a Maraɗi shi zai koyar, shi zai ba da maki, shi zai ba da takarda, kafin damina biyu za a san farashin BAC kamar yadda aka san na tiyar gero.

Don haka jarrabawa ta zauna hannun gwamnati, nan ba ni da ja. Roƙona a daddatsa ta ga manya. Kandida libir ya iya rubuta darasi biyu ko uku bana, a ajiye masa makin da ya ci, ya ƙarasa baɗi. Ba baƙon abu ba ne. Faransa da muka gaji tsarin daga gare ta tana barin wanda ya faɗi BAC ya riƙe makin da ya kai 10 har zama biyar masu zuwa. Maƙwabtanmu na Najeriya darasi-darasi suke cin WAEC da NECO, jami'o'i da yawa kuma suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe. Mu ne muka riƙe tsohon ƙulli da mai shi ma ya sassauta. In an yi haka, masu makarantun kuɗi da kansu za su buɗe ajin hantsi na matan aure da ajin bayan isha'i na ƴan kasuwa da ƴan kabu-kabu, a biya kuɗin darasi guda maimakon na shekara. Alhazan Maraɗi ba a koya musu gane inda ciniki yake.

Batun ɗaliban ƙasashen waje ma bai yi mana nisa ba. Tun 2013 jami'ar Maryam Abacha ke Maraɗi tana koyarwa da Ingilishi, ɗalibanta da yawa daga Kano da Katsina suke. A sakandare ne babu gada. Yaron da ya yi aji uku a Katsina, iyayensa suka dawo gida ko rashin tsaro ya koro su ta Gidan Rumji, ya iya lissafinsa sarai, Faransanci ne ba shi da shi. Ana iya auna shi da Hausa, harshen da tun Maris 2025 aka ayyana a matsayin harshen ƙasa, a san abin da ke kansa, a ba shi ajin Faransanci na musamman kamar yadda aka ba ni na Ingilishi. Yanzu kuwa sai dai a mayar da shi ajin ƙannensa, ya ji kunya, ya koma tura baro a kasuwa.

Na aika wa ƙanwata kuɗin rajista da na littattafai. Na ce ta nemi ɗanta na fari ya riƙa yi mata bitar lissafi, tunda bana yana katiriyem, ajin da aka cire ta. Ta ce, "Haba Yaya, yaron da ko sunansa ba na faɗa, shi zan zauna gabansa in ce ban gane ba?" Sai ya yi barci take zaro kayensa daga jaka, ta haska fitilar waya ta kwafe darasin ranar, ta mayar kafin asuba. Jiya ta turo mini hoton wani lissafi mai x a ɓangare biyu, ta ce in duba mata ko daidai ne. Alamar ragi ɗaya ta manta a layi na uku.