A rubuta tarihin kulob ɗinmu tun dattawan suna da rai

Shekaranjiya a majalisar ataya a Aboabo nan Kumasi gardama ta kaure kan kulob ɗin ƙwallo na Asante Kotoko, wani yaro da bai wuce shekara ashirin ba ya lissafo mana kofi uku da Manchester United ta ci a 1999 tiryan-tiryan har da waɗanda suka zura ƙwallo a Bayern, amma da wani dattijo ya ce masa ɗana, wa Kotoko ta doke ta ɗauki kofin Afirka a 1983, sai ya yi tsuru-tsuru. Abin ya dame ni, kuma ban ga laifin yaron ba, abin da ya tarar a waya shi ya karanta.

Dattijon ne ya warware mana. A 1982 Al Ahly ta Masar ta doke Kotoko a wasan ƙarshe, da shekara ta zagayo suka sake haɗuwa, aka tashi babu ci a Alkahira, a nan Kumasi Opoku Nti ya jefa guda ɗaya, Ibrahim Sunday yana koci. To ka ga wanda ya san 1983 kawai bai san zafin 1982 ba ai rabin labari ya sani, shi ya sa nake cewa jera kofuna a kabad bai isa ba, sai an bi kakar wasa ɗaya bayan ɗaya, wa aka saya, wa ya tafi, wane koci aka sallama a tsakiyar kaka, a mataki na nawa aka ƙare.

Kotoko da Hearts of Oak ta Accra ma da sauƙi, manya ne, kofin Hearts na 2000 a hannun Esperance ba zai ɓace ba. Tsorona ƙananan ne. Cornerstones da Abdul Razak ya fito daga cikinta kafin ya zama gwarzon Afirka a 1978, yara nawa ne a Asawase suka san ta? King Faisal ta Alhaji Grusah, wadda mu 'yan zango muke ɗauka tamu, a 2023 ta kai wasan ƙarshe na kofin FA ta sha kashi a hannun Dreams, kuma a waccan kakar dai ta faɗi daga firimiyar Ghana. Kaka irin wannan littafi guda ce wallahi, amma nan da shekara ashirin wa zai tuna yadda aka yi? Ƙungiyoyin yara na unguwa kuwa, irin wadda Mohammed Kudus ya fara a Nima, ba a ma maganarsu.

Na san za a ce kulob ɗin da albashi ke gagara ina shi ina ajiye tarihi. Gaskiya ne kuɗi babu, amma wannan aikin ba na miliyoyi ba ne, sakatare ɗaya da kwamfuta ya ishe shi, takardar sunayen 'yan wasa dama ana cike ta kowane wasa, adanawa ce kawai. Ya kamata hukumar ƙwallon ƙafa ta Ghana, GFA, ta sa shi cikin sharuɗan ba kulob lasisi, kowace kaka a miƙa cikakken bayani a ɗora a intanet, har da kakar 2018 da aka tsayar da ta 2020 da korona ta katse.

Na baya kuma yana bakin tsofaffin 'yan wasa da magoya baya. Samarinmu da ke gidajen rediyo su ɗauki waya su bi su gida su naɗi muryarsu da Hausa da Twi, a fara da waɗanda suka ga Baba Yara, tsohon tauraron Kotoko, yana wasa da idonsu, don hatsarin da ya raba shi da fili tun 1963 ne, duk wanda ya kalle shi da wayonsa yanzu ya haura saba'in.